SARKI KONSTANTIN NA ROMA DA RIKICIN GADON SARAUTA

A ajin masu shirin baftisma, duk lokacin da muka kai ga Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, da wuya a tashi ba wani ya ɗaga hannu ya yi tambaya a kan Sarki Konstantin ba. Wani ya ji a kasuwa cewa wannan sarki ne ya ƙirƙiro sujadar ranar Lahadi. Wata an gaya mata a makaranta cewa shi ne ya zauna ya zaɓi littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda suke ɗaukarsa tamkar mala'ikan da aka aiko daga sama domin ya ceci masu bi. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan mako mu ba da labarinsa daga farko har ƙarshe, daɗinsa da ɗacinsa. Ta hannunsa ne aka daina ƙone majami'u a daular Roma. Amma duk wanda ya bi sawunsa zuwa gadon sarauta zai tarar da gawar surukinsa, da ta wan matarsa, da ta mijin ƙanwarsa, da ta ɗansa na fari. Sunayen mutanen suna da kama da juna, sai mu yi haƙuri mu bi su sannu a hankali.

An haifi Konstantin wajen shekara ta 272 a garin Naisus, wanda yanzu ake kira Nish a ƙasar Sabiya. Mahaifinsa Konstantiyus hafsan soja ne. Mahaifiyarsa Helena kuwa 'yar talakawa ce, an ce a masaukin baƙi take aiki. A lokacin daular Roma ta kama daga Ingila har Masar, daga Sifen har Kogin Yufiretis, amma tana cikin ruɗani. Tsakanin 235 da 284 sarakuna sama da 20 suka hau gadon, yawancinsu sojoji ne suka naɗa su, yawancinsu kuma takobi ne ajalinsu.

Wanda ya tsayar da wannan ɓarna shi ne Diyokletiyan, wani soja da ya karɓi mulki a 284. Ya lura cewa ƙasar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya raba aikin. A 286 ya ɗaga abokinsa Maksimiyan ya zama babban sarki a yamma, shi kuma ya riƙe gabas. A 293 aka ba kowannensu mataimaki. Babban sarki ana ce masa Augustus, mataimakinsa kuma Kaisar, wato kamar ciroman da ake sa ran zai gaji gado. Galeriyus ya zama Kaisar a gabas, Konstantiyus a yamma. Domin a ƙulla zumunci, Konstantiyus ya rabu da Helena ya auri Tiyodora, 'yar gidan Maksimiyan, ta haifa masa 'ya'ya 6. Mu riƙe wannan a zuciya, gama 'yan ubancin da aka shuka a nan zai ba da 'ya'ya bayan shekara 40 da wani abu.

Shi kuwa saurayi Konstantin aka aika da shi fadar Diyokletiyan a Nikomediya, garin da yanzu ake kira Izmit a ƙasar Turkiyya. A fili an ce ya je koyon sarauta da yaƙi ne, ya kuwa koya. A ɓoye kowa ya san jingina ce, domin kada ubansa ya yi tunanin tawaye. Yana wannan fada ne lokacin da babban tsanani ya tashi. Ranar 23 ga Fabrairu 303 sojoji suka rushe majami'ar Nikomediya, wadda ake hangowa daga fada. Kashegari aka kafa doka cewa a rushe majami'u, a ƙone Littattafai, a hana taron sujada. Daga baya aka kama shugabannin ikkilisiya, a 304 kuma aka ce kowa da kowa sai ya miƙa hadaya ga gumaka. A Masar da Falasɗinu da Afirka ta Arewa jini ya zuba ƙwarai. A yankin Konstantiyus, wato Faransa da Ingila na yau, an rushe wasu gine-gine amma ba a bi mutane da kisa ba. Konstantin a wancan lokaci ba mai bi ba ne, hafsa ne a cikin sojan mai tsanantawa.

SARAKUNA SUN YI YAWA

Ranar 1 ga Mayu 305 Diyokletiyan ya yi abin da ba a saba gani ba, ya tuɓe rigar sarauta da kansa, ya kuma tilasta wa Maksimiyan ya yi haka. Ya koma gidansa a bakin teku, inda garin Siflit na ƙasar Kuroshiya yake a yau, ya shiga noman kabeji. Galeriyus da Konstantiyus suka zama manyan sarakuna. Sojoji sun zaci za a naɗa Konstantin da Maksentiyus ɗan Maksimiyan su zama mataimaka, tun da su ne 'ya'yan sarakuna. Sai aka tsallake su aka naɗa mutanen Galeriyus, wato abokinsa Seberus da ɗan 'yar'uwarsa Maksiminus Daza. Tsarin Diyokletiyan ya yi kyau a takarda, amma bai yi la'akari da cewa ɗan sarki ba ya yarda a ce ba shi da rabo ba.

Konstantin ya ga zama kusa da Galeriyus ya zama haɗari, sai ya nemi izinin tafiya wurin ubansa. Marubutan zamanin sun ba da labari cewa da daddare ya sulale, yana canza dawaki a kowane zango, yana kuma gurgunta waɗanda ya bari domin kada a bi shi. Tafiyar ta wuce kilomita 2,000. Ya iske uban a gaɓar Faransa, suka haye Ingila tare suka yi yaƙi a arewacinta. Ranar 25 ga Yuli 306 Konstantiyus ya rasu a birnin Yok, nan take sojoji suka yi wa ɗansa mubaya'a. Galeriyus ya haɗiye fushinsa ya amince da shi, amma a matsayin Kaisar kawai.

Da Maksentiyus ya ji haka, sai ya ce shi ma ai ɗan sarki ne. Mutanen birnin Roma suna cikin ɓacin rai domin an ce za a fara karɓar haraji daga gare su, abin da suka daɗe ba su biya ba. Ranar 28 ga Oktoba 306 dogaran birnin suka naɗa shi. Tsoho Maksimiyan, wanda dama ba da son ransa ya sauka ba, ya sake ɗaukar rigar sarauta. Seberus ya zo da runduna domin ya kashe wutar, amma sojojinsa tsofaffin yaran Maksimiyan ne, suka watse suka bar shi, aka kama shi, ya mutu a tsare a 307. Galeriyus da kansa ya zo, shi ma ya koma hannu wofi. A wannan shekara Maksimiyan ya tafi Tiriya, hedkwatar Konstantin a Jamus ta yau, ya aurar masa da 'yarsa Fausta, ya kuma ba shi laƙabin Augustus. Ba a jima ba tsohon ya yi faɗa da ɗansa na cikinsa, har ya yi ƙoƙarin fizge masa rigar sarauta a gaban sojoji. Sojoji suka goyi bayan ɗan, uban ya gudu wurin surukinsa.

A Nuwamba 308 aka kira Diyokletiyan daga gonarsa domin ya sasanta. Ya ƙi komawa gado, aka naɗa wani abokin Galeriyus mai suna Lisiniyus ya maye gurbin Seberus. Maimakon a sami sauƙi sai masu kiran kansu sarki suka ƙaru, har wani gwamna a Kartej, Tunisiya ta yau, shi ma ya ɗaga tutarsa.

Na farko da ya faɗi a hannun Konstantin shi ne surukinsa. A 310, Konstantin yana yaƙi a bakin Kogin Rayin, Maksimiyan ya baza labari cewa ya mutu, ya kwashe baitulmali ya fara raba wa sojoji. Konstantin ya juyo da sauri, ya tsare shi a birnin Marsai, mutanen gari suka buɗe ƙofa. Bayan ɗan lokaci aka sanar cewa tsohon ya rataye kansa. Masana tarihi da yawa suna ganin umarni aka ba shi.

Galeriyus kuwa wata mummunar cuta ta kama shi. A ƙarshen Afrilu 311, yana kan gadon mutuwa, ya fitar da doka cewa a bar Kirista su yi sujadarsu, har ya roƙe su su yi addu'a dominsa da ƙasar. Bayan 'yan kwanaki ya mutu. Ya kamata mu lura da wannan: mai tsanantawa da kansa ne ya fara amsa cewa shekara 8 na wuta da takobi ba su karya ikkilisiya ba. Konstantin bai tarar da ikkilisiya a kwance ba, a tsaye ya same ta.

GADAR MILBIYAN

Yanzu saura 4. Konstantin ya haɗa kai da Lisiniyus, Maksentiyus ya haɗa kai da Maksiminus Daza. A 312 Konstantin ya ƙetare duwatsun Alf ya shiga Italiya, ya ci Turin, Milan ta buɗe masa ƙofa, ya yi ƙazamin yaƙi a Berona ya ci, sa'an nan ya doshi Roma. Maksentiyus yana da ganuwa mai ƙarfi da abinci a rumbu, da ganuwar nan ce ya kori Seberus da Galeriyus. Amma wannan karo jama'ar birni suka fara yi masa ba'a cewa matsoraci ne. Ya sa aka duba littattafan duba na Romawa, aka ba shi amsa mai harshen damo cewa a ranar magabcin Roma zai hallaka. Ya ɗauka da Konstantin ake. Ranar 28 ga Oktoba 312, daidai shekara 6 da naɗinsa, ya fita ya ja dāgā da Kogin Tiber a bayansa. Da rundunarsa ta karye, suka ruga kan gadar jiragen ruwa da aka haɗa kusa da Gadar Milbiyan, gadar ta tsinke, Maksentiyus ya nutse da sulkensa. Kashegari aka tsamo gawar, aka yanke kan, aka zaga da shi birni a kan mashi. Wan matar Konstantin ke nan.

A kan abin da ya faru kafin wannan yaƙi muna da shaidu biyu, dukansu masu bi. Laktantiyus, malami ɗan Afirka ta Arewa wanda ya koyar da ɗan Konstantin, ya rubuta bayan shekara 2 ko 3 cewa a mafarki aka umarci sarki ya zana alamar Almasihu a garkuwoyin sojojinsa. Yusebiyus, bishop na Kaisariya, ya rubuta bayan rasuwar sarki cewa sarki da bakinsa ya gaya masa, har da rantsuwa, cewa da tsakar rana shi da sojojinsa suka ga gicciye na haske a sama da rana, tare da rubutu mai alkawarin nasara. Alamar da ya riƙa ɗauka daga baya ita ce haruffa biyu na farkon sunan Kristi a Helenanci, an ɗora ɗaya a kan ɗaya. Labaran biyu ba su zo daidai ba, ba kuma za mu tilasta musu ba. Abin da yake a fili shi ne, daga 312 Konstantin ya gaskata cewa Allahn Kirista ne ya ba shi nasara. Ba kuma dabarar neman goyon baya ba ce kawai, gama masu bi tsiraru ne a lokacin, musamman a yamma da cikin soja da gidajen manya.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara abu biyu. Maksentiyus ba mai tsananta wa ikkilisiya ba ne, ya bar masu bi sun yi sujada a Roma, ya kuma mayar musu da dukiyarsu. Yaƙin na sarauta ne. Na biyu, Konstantin bai bar tsohuwar hanya a rana ɗaya ba. Hoton gunkin rana ya ci gaba da fitowa a kuɗinsa har wajen 325. Babbar ƙofar nasara da aka gina masa a Roma a 315, wadda take tsaye har yau, ta ambaci taimakon allahntaka amma ba ta faɗi sunan kowa ba. Har ya mutu kuma yana riƙe da muƙamin shugaban firistocin addinin Romawa.

A Fabrairu 313 ya sadu da Lisiniyus a Milan, ya aurar masa da ƙanwarsa Konstantiya, 'yar Tiyodora. A nan suka yarda cewa kowane mutum, Kirista da wanda ba Kirista ba, yana da 'yancin bin addinin da ya zaɓa, a kuma mayar wa ikkilisiya duk abin da aka ƙwace ba tare da ta biya ko anini ba. Lisiniyus ya tafi ya ci Maksiminus Daza a ƙarshen Afrilu, Daza ya gudu ya mutu a Tarsus, garin Manzo Bulus. Lisiniyus ya bi iyalan tsofaffin sarakuna ya karkashe, har da matar Diyokletiyan da 'yarsa.

Canjin da masu bi suka gani ya wuce misali. Mutanen da jiya suke ɓoye Littattafai a ƙarƙashin ƙasa, yau sarki yana gina musu majami'u. A Roma ya rushe barikin mahayan Maksentiyus ya gina majami'ar Lateran a wurin. Ya ɗauke wa ma'aikatan ikkilisiya nauyin aikin hukuma, ya ba ikkilisiya izinin karɓar gādo, ya yarda a 'yanta bawa a gaban taron masu bi, ya hana yi wa masu laifi lalas a fuska domin fuskar mutum tana ɗauke da kamannin Mahalicci. Ranar 7 ga Maris 321 ya kafa doka cewa kotuna da masu sana'a a birane su huta ranar Lahadi, amma manoma su ci gaba da aiki in shuka ta kama. A nan ne amsar tambayar farko take. Hutu ya bayar, ba sujada ya ƙirƙiro ba. Ayyukan Manzanni sura 20 ta nuna masu bi suna taruwa a ranar farko ta mako, Yustin Mai Shahada kuma ya bayyana tsarin sujadar Lahadi wajen shekara ta 150, fiye da shekara 100 kafin a haifi Konstantin.

Amma kowace kyautar fada da igiyarta. A Afirka ta Arewa ikkilisiya ta rabu biyu a kan shugabannin da aka zarga da miƙa Littattafai lokacin tsanani. Ɓangaren Donatus suka ƙi Bishop Sisiliyan na Kartej, su ne kuma suka fara kai ƙara wurin sarki a 313. Duk wanda ya karanta 1 Korantiyawa sura 6 ya san ra'ayin Bulus a kan irin wannan. Aka yi zama a Roma, aka sake yi a Arles a 314, duka suka ba Sisiliyan gaskiya. Da suka ƙi yarda, sarki ya sa aka ƙwace majami'unsu da ƙarfin soja, aka rasa rayuka. A 321 ya gaji ya ƙyale su. Shekara kaɗan bayan tsanani, ga sojan Roma yana dukan Kirista saboda wasu Kirista, rabuwar kuma ta zarce shekara 100.

Tsakaninsa da Lisiniyus ma auren bai hana kome ba. Sun gwabza a 316, Konstantin ya karɓe yawancin ƙasashen Lisiniyus na Turai. Lisiniyus ya fara zargin masu bi na yankinsa cewa zuciyarsu tana wurin abokin gābansa, ya kore su daga fada, ya hana bishop-bishop yin taro. A 324 aka yi ta ta ƙare. Ranar 3 ga Yuli Konstantin ya ci nasara a Adiriyanobul, ɗansa Kirisbus ya farfasa jiragen ruwan Lisiniyus, ranar 18 ga Satumba kuma aka gama a Kirisobolis. Konstantiya ta shiga tsakani, wanta ya yi rantsuwa ba zai kashe mijinta ba, aka kai shi Tasalonika. A 325 aka kashe shi bisa zargin ƙulla makirci. Ƙaramin ɗansa ma bai tsira ba. Bayan shekara 18 ana ɗauki ba daɗi, daular ta koma hannun mutum ɗaya.

NIKIYA, DA ABIN DA YA BIYO

Da ya shiga gabas sai ya tarar da wata gardama da ta taso daga Iskandariya ta Masar. Wani dattijon ikkilisiya mai suna Ariyus, ɗan asalin Libiya, yana koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Bishop Iskandari ya ce wannan ba koyarwar manzanni ba ce. Da farko sarki ya ɗauki zancen a matsayin jayayyar malamai, ya rubuta musu su daina. Da abin ya ƙi, ya kira taro a Nikiya ta ƙasar Bitiniya, garin Iznik na yau, a 325, gwamnati ta ɗauki kuɗin tafiya. Bishop wajen 300 suka hallara, al'ada ta ce 318. Wasunsu sun zo da tabon tsanani a jiki, an kuma ba da labari cewa sarki ya sumbaci gurbin idon wani bishop na Masar da aka ƙwaƙule. Taron ya tabbatar cewa Ɗan haifaffe ne ba halitta ba, ainihinsa ɗaya ne da Uba. Mutum 2 kaɗai suka ƙi sa hannu, dukansu daga Libiya. An kuma tattauna ranar bikin Ista da dokoki 20 na tsarin ikkilisiya. Zancen zaɓen littattafan Littafi Mai Tsarki bai taso a taron ba sam. Bautar Yesu kuwa ba a nan ta fara ba: wajen shekara ta 112 gwamnan wannan Bitiniya ɗin, Filini, wanda ba mai bi ba ne, ya rubuta wa sarkinsa cewa Kirista suna taruwa kafin gari ya waye suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah. Shaidar da muke karantawa a sujada ita ce ta Nikiya da aka faɗaɗa a taron 381. A 2025 ne taron ya cika shekara 1,700.

Wanda ya ce sarki ne ya tilasta wannan koyarwa, sai ya dubi abin da sarki ya yi daga baya. Damuwarsa haɗin kan ƙasa ce fiye da tauhidi. Cikin 'yan shekaru ya dawo da Ariyus da magoya bayansa daga gudun hijira. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, ya ƙi karɓar Ariyus duk da matsin fada. A 335 magabtansa suka gaya wa sarki cewa ya yi barazanar tare jiragen hatsi da ke tashi daga Masar, nan take aka kore shi zuwa Tiriya. Mai kāre shaidar Nikiya ya sha kora a hannun wanda ya kira taron Nikiya.

Shekara ɗaya bayan taron, a 326, aka yi abin da yake da nauyin faɗa. Kirisbus ɗan fari ne, wata mace mai suna Minabina ta haife shi kafin auren Fausta. Jarumi ne, sojoji suna ƙaunarsa, shi ne ya ci yaƙin ruwa na 324. Uban ya sa aka kashe shi a garin Fola. Ba a daɗe ba Fausta, uwar 'ya'yansa maza 3, ta mutu a ɗakin wanka da aka zafafa fiye da kima. Aka kankare sunayensu daga duwatsu, fada ba ta taɓa bayyana dalili ba. Marubutan baya sun ce Fausta ce ta yi wa ɗan kishiyarta ƙazafi irin wanda matar Fotifar ta yi wa Yusufu, sa'an nan Helena ta tona asirin. Yusebiyus, da ya rubuta tarihin sarki cike da yabo, bai ambaci sunan Kirisbus ko sau ɗaya ba. A ganinmu wannan shirun ya fi muni. Dauda ya sami Natan da ya tsaya a gabansa, amma ba mu da labarin wani bishop da ya tsaya a gaban Konstantin a kan jinin ɗansa.

Jim kaɗan bayan haka tsohuwa Helena, tana kusa da shekara 80, ta tafi ziyara Ƙasa Mai Tsarki, aka gina majami'u a Baitalami da Dutsen Zaitun. A Urushalima aka rushe wani haikalin gumaka aka gina majami'a a wurin da aka gaskata kabarin Ubangiji yake, aka keɓe ta a 335. Ranar 11 ga Mayu 330 sarki ya buɗe sabon babban birninsa a kan tsohuwar Bizantiyum, ya sa masa sunansa, Konstantinoful, wato Istanbul ta yau. Ya ba Yusebiyus aikin kwafe Littafi Mai Tsarki guda 50 domin majami'un birnin.

Duk wannan lokaci ba a yi masa baftisma ba. Manya da yawa a zamanin suna jinkirtawa har ƙarshen rai, suna tunanin su gama aikin da ke ɓata hannu sa'an nan a wanke su gaba ɗaya. Malaman ikkilisiya na ƙarnin sun yi ta tsawata wa masu wannan dabara, mu ma ba ma koyar da ita a ajinmu. Ya so a yi masa a Kogin Urdun, amma bayan Ista ta 337, yana shirin yaƙi da Farisa, ciwo ya kama shi. A kusa da Nikomediya, garin da ya ga an rushe majami'a shekara 34 da suka wuce, bishop na garin, wani Yusebiyus dabam wanda abokin Ariyus ne, ya yi masa baftisma. Ya tuɓe rigar sarauta ya sa farare, bai sake mayar da ita ba. Ya rasu ranar Fentikos, 22 ga Mayu 337. Aka binne shi a Majami'ar Manzanni a birninsa, a tsakiyar akwatunan dutse 12 da ya shirya domin tunawa da manzanni. A Roma kuwa majalisar dattawa ta sa shi cikin allolinta kamar yadda aka saba yi wa sarakuna. Ikkilisiyoyin Otodoks suna tunawa da shi tare da Helena ranar 21 ga Mayu. Katolika ta Roma tana tunawa da Helena ranar 18 ga Agusta, amma ba ta sa ɗanta a kalandarta ba.

Mutumin da ya yi shekara 18 yana kawar da abokan sarauta, a 335 shi da kansa ya sake raba ƙasar tsakanin 'ya'yansa 3 da ɗan ƙaninsa Dalmatiyus. Cikin watannin da suka biyo rasuwarsa sojoji suka bi zuriyar Tiyodora, kishiyar Helena, suka kashe ƙannen sarki 2 da 'ya'yansu da dama, har da Dalmatiyus. Mutane da yawa sun ɗora alhakin a kan ɗansa na tsakiya, Konstantiyus na Biyu. 'Ya'yan 3 ma ba su zauna lafiya ba. A 340 babban ya kai wa ƙaramin hari a Italiya aka kashe shi, a 350 wani hafsa mai suna Magnentiyus ya yi tawaye aka kashe ƙaramin, na tsakiyan ya yi shekara 3 yana yaƙi kafin ya haɗa ƙasar.

Cikin waɗanda aka bari da rai a kisan 337 akwai yara 2. Ƙaramin, Yuliyan, yana da shekara 6 ko kusa da haka lokacin da aka kashe mahaifinsa. An rene shi a hannun bishop-bishop, an yi masa baftisma, har ya yi aikin karanta Littafi a majami'a, amma bai manta cewa gidan da ke kiran sunan Almasihu ne ya mai da shi maraya ba. Da ya hau gado a 361 ya fito fili ya bar bangaskiya, ya buɗe haikalan gumaka, ya hana Kirista koyar da littattafan Helenawa a makarantu. Bai cika shekara 2 ba mashi ya same shi a yaƙin Farisa, ya mutu ranar 26 ga Yuni 363, ba shi da ɗa. Kashegari sojoji suka naɗa wani hafsa mai suna Yobiyan, wanda ba shi da dangantaka da gidan Konstantin.